Shekarar Da Na Rufe Wa Goggon Biri Baki

Salomi, ke da ƙanenki nake rubuta wa wannan babin. Na san ban kai shekarun da ake zama a rubuta tarihin rayuwa ba, ko furfura ɗaya ban da ita. Amma Juma'ar da ta wuce a harabar coci na ji ki da kunnena kina gaya wa ƙawarki wai Antinku Laraba ta yi wa Kaka rashin kunya saboda biri. Ban tanka miki a wurin ba domin mutane sun yi yawa, kuma kin san bakina. Na san daga wurin uwarku kika ɗauko. To tunda maganar ta fara zama a haka, gara in ajiye tawa kafin ku girma da ita. Da farko dai ba biri ba ne, goggon biri ne, irin na kan tsaunuka. Sauran kuma ku zauna ku karanta har ƙarshe, kada ku yi halina na tashi a tsakiyar magana.

Ku kun san kakanku tsoho ne mai tabarau da ke zama gindin mangwaro yana faɗa da rediyo. Ba ku san shi a gareji ba. A Jos, lokacin ina yarinya, da wuya gingimarin katako mai ɗaukar dankali da kabeji zuwa kudu ta fita daga unguwarmu ba ta bi ta hannunsa ba. Shi ke zana musu baya: zaki ya danne barewa, mikiya ta suri maciji, damisa ta kafa wa maharbi haƙora a kafaɗa. Can ƙasa a kusurwar dama, da ƙaramin jan rubutu, Aikin Ayuba Mai-Zaki. Ni abinci ake aike ni in kai masa. Sai in dire kwano in tsaya kallo, har Mama ta gaji da aikowa a kira ni. Wata rana ya miƙo mini buroshi ya ce in cika masa jelar zaki. Daga nan makaranta kaɗai ke raba ni da garejin. Direbobi da masu walda suka sa shi gaba.

"Ayuba, maza sun ƙare a garin ne, sai mace?"

"Ku kawo mazan naku su ja layi irin nata, in kore ta yau," in ji shi, ko juyowa bai yi ba.

Shekara da shekaru yana shan wannan gori a kaina. Ku riƙe wannan da kyau, domin in ba shi ba, ba za ku gane zafin abin da ya biyo baya ba.

Sana'ar tana da dokoki biyu da ba a wasa da su. Ta farko haƙori.

"Mota gudu take yi," yakan ce. "Wanda ke bayanta ƙiftawar ido gare shi. In dabbarki ba ta yi ihu ba, ba wanda ya gan ta. Fara da haƙori, sauran jikin zai biyo."

Ta biyu suna. Mai koyo ba ya sa sunansa a aiki. Ko shi ya yi shi tun daga farko har ƙarshe, sunan maigidansa zai rubuta, har ranar da aka yaye shi. Ranar yaye ana dafa shinkafa, a sayi lemo, a tara mutanen gareji, maigida ya ɗauki siririn buroshin rubutu da ya haɗa da hannunsa ya damƙa wa mai koyon, ya sa masa albarka. Daga ranar sunanka ya zama naka. Ba a taɓa yi wa mace ba a garejin nan. Baba ya ce sai ya yi, ko duk su fashe.

Sai kwamfuta ta shigo. Masu motoci suka koma manna hoton leda da ake bugawa, aiki ya ja baya. Ni kuma na gama sakandare, sakamakon bai kai ni ko'ina ba, na zauna gida ina faɗa da kowa. Uwarku, Yaya Rifkatu, tana aikin nas a nan Doha ta ƙasar Qatar tun kafin a haife ku, ita ta samo mini aiki. Ranar da zan tafi Baba ya raka ni tasha, ya tsaya bakin tagar mota.

"Ki yi babban aiki guda, wanda mutane za su tsaya su kalla," ya ce. "Ki nuna mini. In ya yi, ki dawo in yaye ki."

Aikin da uwarku ta samo mini renon yara ne a wata makarantar ƙanana a Al Gharrafa. Goge majina, ɗaure takalmi, raba faɗa. Babban aiki ke nan. Kafil ɗina, wato wadda ta tsaya mini a takardun zama, matar da ke da makarantar, ta ji ina zane, sai ta ba ni bango guda ta ce in cika mata da kifi da furanni da bakan gizo. Na cika mata. Amma hannuna bai yarda ba, sai da na maƙala wani ɗan zaki a kusurwa, baki buɗe yadda aka koya mini. Yaran suka mai da shi abin wasa, su sa yatsa a bakinsa su ruga suna ihu. Wata rana uwar ɗaya daga cikinsu, Baturiya likitar dabbobi, ta tsaya gaban zakin ta daɗe. Ta ce ita da wasu suna tara zanen namun daji, za a sayar a ɗakin taron wani otal a West Bay, abin da aka samu a aika wa masu gadin goggon birin tsauni a dazukan Uganda da Ruwanda, domin sun yi ƙaranci a duniya. Ko zan yi musu babba guda? Na ce e tun kafin ta rufe baki. Ban taɓa ganin dabbar ba sai a talabijin. Ko abin da suke ci ban tambaya ba.

A ɗakin jarirai akwai Firisila, 'yar Uganda, ta girme ni nesa, gajeriya mai faɗin kafaɗa, bakinta ya fi nawa kaifi. Turanci muke yi da ita, nata daban nawa daban, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Ashe ƙauyensu a gindin dajin nan yake, kuma ƙanenta yana cikin masu gadin, kullum da safe yana bin iyali guda cikin duwatsu.

"Kada ki ɗauka sonsu nake yi," ta ce da ni muna wanke kwalaben madara. "Sun taɓa shiga gonar ayabar uwata. Ba ayabar ma suke so ba, itacen suke tsagawa su cinye cikinsa. Uwata ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Amma albashin ƙanena daga gare su yake, ɗan asibitin ƙauyenmu ma haka. Maƙwabci ne, ba zaɓarsa ake yi ba."

Ta turo mini hotuna da bidiyo daga wayar ƙanen nata, duk na uban iyalin, wani tsoho mai furfura a gadon baya. Sunansa a yarensu yana nufin wanda ba ya sauri, ni sai na sa masa Mai-Nawa. Ta ce in lura da hancin. Tamojin da ke saman hancin kowane goggon biri daban ne da na ɗan'uwansa, da shi masu gadin ke bambanta su. Na ji daɗin wannan. Na ce zan nuna mata hannun 'yar Mai-Zaki. Na kwafe hancin nan layi bayan layi, ko ƙanenta ba zai ce ga kuskure ba. Sauran kuma na kira Baba.

A gidanmu na Ain Khaled, kun san bayan ɗakin girki inda injinan esi ke hura zafi, can aka kore ni, domin uwarku ta ce warin fenti zai kama muku ƙirji. Ranar Juma'a kawai nake da hutu. Mu dawo coci, in ci abinci a tsaye, in fita can in jingina waya a kan bokiti, Baba yana kallo daga Jos yana ba da umarni kamar yana gareji.

"Buɗe bakin. Ƙara. Wannan ai hamma yake yi. Ja idon. Ina maharbin?"

"Wane maharbi, Baba?"

"Dabba ba ta faɗa da iska. Sa masa mutum a hannu."

Na sa masa mutum a hannu. Ban san irin kayan da maharban can ke sawa ba, sai na duba hotunan, na ga mutum ɗaya tsugune a gefe da koren kaya da takalmin roba, na kwafe. Ubanku, Yaya Bitrus, in ya dawo daga gyaran injinan asibiti sai ya leƙo ya cire hula.

"Sannu da hutawa, suruki," yakan ce wa zanen. "Laraba, in ya gama da wancan ki gaya masa ni ban da nama."

Ranar da na gama, Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce in turo hoton. Ya ce Kirsimeti in zo, shinkafa tana kansa. Kafin mako ya zagayo babu mai walda ko direba a garejin da bai nuna wa ba. Mama ta ce har ya fara haɗa buroshin.

Juma'ar da ta biyo na gayyaci Firisila ta zo ta gani. Uwarku ta yi dafa-duka. Na ja ta bayan ɗakin girki ina baza hanci, na yaye zanin da na rufe zanen da shi. Ta ajiye jakarta a ƙasa a hankali.

"Wane ne wannan?"

"Kamar yaya wane ne? Mai-Nawa mana. Dubi hancin."

"Na ga hancin. Shi ya sa nake tambaya. Wa ya kashe?"

"Ba wanda ya kashe. Zane ne fa, Firisila."

"Wannan da ya shaƙe wa wuya fa? Kin san kayan wa kika sa masa?"

Sai a lokacin na duba da kyau. Koren kayan, takalmin roba. Kayan masu gadi ne. Ƙanenta ne tsugune a hotunan.

"To sai in canza launin rigar," na ce. "Aikin minti kaɗan ne."

"Rigar! Ke dai kanki kamar dutsen niƙa. Da hancin wani kika sa da ban damu ba. Ki zana dodo, ki zana aljani, ruwanki. Amma wannan hancin yana da suna. Lokacin da ya yi ciwon ƙirji ƙanena ya wuni cikin ruwan sama kusa da shi har likitoci suka iso. Ke kuma za ki kai shi gaban mutane ki ba da shaidar zur a kansa, ga shi yanzu kika fito daga coci."

"Dabba ce fa. Ba kotu za ta kai ni ba."

"Shi ya sa kika samu dama," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta fita, ko kallon dafa-dukan ba ta yi ba.

Uwarku ta biyo ni da ludayi a hannu wai me na yi wa baƙuwa. Na ce baƙuwar ce ba ta san zane ba. Na nuna wa Baturiyar likitar hoton a waya da muka koma aiki. Ta ce yana da ƙarfi sosai, in cire mutumin kawai, irin wannan zai samu mai saye. Ku duba fa: Baba ya yarda, mai taron ta yarda, shinkafa tana jirana. Na ce khalas, shi ke nan, Firisila ta je ta ci kanta.

Amma ni ba na iya barin faɗa sai na ci. Na ce sai na samo wurin da Mai-Nawa ya nuna haƙora a bidiyon nan, in tura mata wayar a hanci. Na shiga kallo a motar da ke kai mu aiki, safe da yamma. Wallahi ban taɓa ganin mai cin rai irin tsohon nan ba. Ya zauna. Ya karyo kara, ya ɓare bayansa da yatsu kamar tsohuwa tana gyaran rama, ya tauna. Ya sake karyo wani. Ɗan jariri ya hau kansa yana ja masa gashi, ya sauke shi da hannu ɗaya bai ko daina taunawa ba. Sau ɗaya ya miƙe ya bugi ƙirji saboda wani matashin goggon biri ya ɗaga masa kai, matashin ya sunkuya, shi kuma ya koma ga karansa. Haƙoran suna nan, manya kuwa, amma sai in zai yi hamma nake ganinsu. Ƙanen Firisila yana can gefe da ƙyalle a hanci don kada ya shafa musu mura, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, tsohon yana amsa masa. Na kalli duka, na sake kalla. Ina ta ƙara jin haushi. In na dawo gida na yaye zanin sai in ga hancin nan daidai, sauran duk ƙarya. Da ban iya hancin ba da na huta.

Kada ku ɗauka wani haske ne ya sauko mini. Haushi ne zalla. Wata Juma'a na ɗauko farin fenti na shafe zanen tas, na bar hancin kaɗai yana kallona.

A nan na gane ban iya komai ba. Tun ina yarinya hannuna daga haƙori yake tashi, yanzu ba haƙori, sai ya tsaya kamar jaki a bakin gada. Baƙin fentin Baba gwangwani ɗaya ne. Baƙin Mai-Nawa kuwa akwai shuɗi a ciki, akwai ruwan ƙasa, akwai toka. Na ɓata, na shafe, na sake ɓatawa, zufa tana shiga mini ido, injinan esi suna hura mini wuta a ƙafa. Ban ba Firisila haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Na dai ce mata na shafe. Juma'ar gaba sai ga ta, ta ci dafa-duka faranti biyu, ta jawo kujera ta zauna a kaina.

"Hannun ya yi ƙanƙanta. Wannan hannun malamin makaranta ne. Cikin ma ƙara shi, ganye yake ci wuni guda. Yalla, maza gyara."

"Ke ce mai zanen ko ni?"

"Da ni ce da tuni an gama."

Haka muka yi ta yi har ya fito: tsoho zaune cikin ganye, ya ɗan juya baya, kara a hannu, baki rufe, idonsa a kan wani abu da ba ya cikin zanen. Duk tsawon lokacin nan ban gaya wa Baba ba. In ya tambaya sai in ce ina 'yan gyare-gyare. Ranar Lahadi bayan sun taso coci ya kira, na jingina wayar a kan bokiti.

"Matso da ita. Ina wancan?"

"Yana ƙarƙashin wannan, Baba."

Ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Abinci yake ci."

"Na ga yana ci. Akuya ma tana ci. Laraba, ba ke kika ce so ake a hana kashe su ba? To wa kika ga ana yankawa kullum, zaki ko tunkiya? Abin da ba a tsoro ba a barinsa. Kin cire masa makami kin kai shi kasuwa."

Gaskiya maganar ta shige ni, har yau ban gama da ita ba. Amma na ce masa tsoron ne ke sa mutanen can su soke su da mashi in sun shigo gona.

"Wa ya gaya miki?"

"Wadda ta tashi a gindin dajin."

"Ni da na tashe ki fa? Na nuna wa gareji kaf. Masu cewa mace ba za ta iya ba, na rufe musu baki. Yanzu in koma in nuna musu me? Tsoho yana shan rake?"

A nan ne bakina ya yi abin da ya saba. Ga ainihin abin da na faɗa, ba ƙari ba ragi, domin shi ne ake kira rashin kunyar.

"Baba, wannan fa ba bayan mota ba ne. Ba inda za shi. Tsayawa za a yi a kalle shi, ba sai ya yi ihu ba."

Ni nufina gudun mota. Shi abin da ya ji daban.

"Au. Bayan mota. Bayan motar ne dai ya kai ki makaranta." Ya cire tabarau. "Kada ki sa sunana a wannan abin."

Gida ya kama da wuta. Uwarku ta dawo daga aiki ko kayan asibiti ba ta cire ba.

"Ki mayar masa da haƙoransa mana! Tsohon nan hawan jini gare shi. Haƙori ne fa kawai, ba zakka aka ce ki fitar ba. Birin ya san kina yi?"

"Ku tsaya," in ji ubanku. "A raba gardama. Ki sa shi murmushi. Haƙori ya fito kaɗan, Baba ya samu, 'yar Uganda ta samu."

Kada ku yi dariya, na gwada. A kan takarda na gwada tukuna, Allah ya taimake ni. Ya fito kamar ɗan takarar kansila a fosta. Na yayyaga. Na sake kiran Baba don in bayyana masa abin da nake nufi, Mama ta ɗauka ta ce ya fita. Ina jin tarinsa a bayanta.

Ranar taron, Malam Sani direban makarantarmu, mutumin Katsina, shi ya taimaka ya kai mana zanen West Bay, ni da Firisila muna riƙe da shi a baya. Da muka sauke ya ja baya ya harɗe hannu.

"Kai, wannan dattijo ai sak kawuna in ya samu inuwa. Allah ya ba shi lafiya."

A cikin ɗakin taron ma'aikata suna ta rataye zane-zane. Likitar ta zo da sauri, ta tsaya, ta dafa ƙirji. Sannan ta sunkuya ta duba kusurwar dama, ta duba ta hagu. Ta ce ina suna? Ba sa rataye aikin da ba suna, masu saye suna so su san hannun wa. Na ce ta ba ni ɗan lokaci. Na fita baranda na kira Baba. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na tsaya ina kallon dogayen benayen nan na gilashi, ina lissafin abin da ya rage mini. Sunansa, ya hana. Nawa, ba a ba ni ba tukuna. Ko kuma in ce wa Malam Sani ya juyo da mota mu mayar da Mai-Nawa bayan ɗakin girki, in jira Baba ya huce, in yi masa wani mai haƙora, in ci shinkafata. Da na koma ciki Firisila tana tsaye ta tallafe zanen da kafaɗa don kada ya taɓa ƙasa. 

Akwai ɗan buroshin kanti da jan fenti a jakata, na zo da su don gyaran ƙurjewa. Na tsuguna a kusurwar dama na rubuta Laraba. Gajeren suna ne, wurin ya yi masa yawa.

Mutane sun tsaya. Wannan dai ba wanda zai ƙwace mini. Na ga wani mutum da farar riga ya wuce, ya dawo, ya tsaya har shayinsa ya huce. An saya kafin a tashi. Firisila ta ɗauki hoto ta tura wa ƙanenta, ya amso da murya yana dariya yana kiran sunan tsohon da yarensu, ba wanda ya gaya masa ko wane ne.

Lahadi na kira da kaina, kafin uwarku ta riga ni. Wannan karon ya ɗauka. Na gaya masa an rataye, mutane sun tsaya, an saya.

"Wane suna kika sa?"

"Nawa, Baba."

"To. Kin yaye kanki. An huta da sayen shinkafa. Ga uwarki."

Ban je Kirsimetin ba. An dafa shinkafar duk da haka. Wani cikin masu koyonsa aka yaye, wanda ni na koya wa haɗa kore, shi aka damƙa wa buroshin. Mama ce ta gaya mini, ta ce masu walda sun ci sun ƙoshi, wani har ya tambayi ina 'yar Ayuba mai biri. Tun daga nan kakanku bai fasa kirana ba ko Lahadi ɗaya. Yana tambayar zafi, yana tambayar abinci, yana tambayar coci, yana tambayar yaushe zan kawo miji. Fenti ne kawai ba ya fita daga bakinsa. In na fara sai ya ce layin ba kyau. Na yi zane da yawa bayan wancan, iyalin Mai-Nawa kusan duk sun bi ta hannuna, ana kira daga wurare ana nema. Kowane ɗaya in na zo kusurwar dama sai na ɗan tsaya, kamar mai shiga ɗakin da ba a yi masa iso ba. Sannan in rubuta. In an mayar da ni ɗakin taron nan yau ma zan rubuta, kuma zan sake jin haushin kowa: na Baba da taurin kansa, na Firisila da gaskiyarta, na tsohon can Mai-Nawa da ya ƙi yin ihu ko sau ɗaya ya fisshe ni.

Saboda haka, Salomi, ki je ki gyara wa ƙawarki magana. Hutun nan za ku je Jos. In kun zauna gindin mangwaro ya tambaye ku wa ya koya wa Antinku zane, ku ce shi ne. Zai ce ƙarya ne, zai ƙara muryar rediyo. Ku jira ya rage, ku sake faɗa.